Reshen Ruwan da Ya Bi ta Ƙarƙashin Jarwal

Mahaifina ɗan ga-ruwa ne. A Makka saƙƙa ake ce wa masu wannan sana'a, amma shi har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin ya kira kansa da wannan suna ba. Daga wani ƙauye na gabashin Kano ya taso yana saurayi, ya biyo ayari ta Sudan, ya tsaya tsinkar auduga a hanya har ya tara guzuri, ya tsallako teku ya sauke farali. Da abokan tafiyarsa suka ɗaure kaya za su juya, sai ya ce su gaida gida. A unguwar Jarwal ya zauna, a nan ya auri Inna, a nan aka haife ni. Ni ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana.

Abin da ya riƙe gidanmu shi ne bazan. Bazan ɗaki ne na dutse, rabinsa a cikin ƙasa, da matakala da ake sauka, da rufaffen tafki a ciki, da famfuna a jere a jikin bango. Manyan unguwanni kowace tana da nata. Ruwan ba na rijiya ba ne. Daga duwatsun da ke bayan Arfa yake tasowa, ya biyo wata tsohuwar magudana, wani wuri ta ƙarƙashin ƙasa, wani wuri a manne da gefen dutse, har ya shigo gari ya rarrabu reshe-reshe. Mutanen Makka aini kawai suke ce mata. Tsofaffi suna cewa wata matar sarki ce a zamanin da ta zo aikin hajji, ta ga yadda ƙishirwa ke gallabar mutane, ta sa aka gina. Reshenmu yana cikin na can ƙarshe, don haka idan ruwa ya yi ƙaranci mu ne muke fara sani.

Kafin na girma a hana ni, ni nake kai wa Baba abincin rana. Nakan zauna a matakalar sama inda sanyi ke fitowa daga ciki, ina kallon garewani a layi. Kowane mutum yana da garwa biyu da sanda ɗaya mai lanƙwasa, ya rataya su gaba da baya, ya ɗora a kafaɗa. Akwai mutanen Yaman, akwai namu Hausawa da yawa, akwai wasu da ban san yarensu ba. Faɗa kan layi ba ya ƙarewa, amma da zarar ruwa ya cika garwa, mutum ya ɗauka, sai ka ga ya natsu ya yi shiru, domin mai surutu shi ke isa da rabin garwa. Gidajen Jarwal a jikin dutse suke, hawa ne kan hawa. Baba yakan kai ruwa har bene na huɗu, yana yin sallama da ƙarfi tun daga ƙasa don mata su kauce. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta baƙa ƙirin, har ta fi ta hagu tudu.

Amininsa a wannan aiki wani Bahaushe ne da danginsa suka zo ta Chadi. Kawu muke ce masa. Ƙato ne mai dariya, yayin da Baba siriri ne marar yawan magana. Inna takan ce ban da ruwa babu abin da ya haɗa su.

Ina da shekara tara ko goma aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi. A Makka ruwan sama ba ya jiƙa ƙasa ya wuce kamar yadda ake ba mu labarin na gida. Daga kan duwatsu yake gangarowa da duk abin da ya tarar. Washegari famfunan bazan suka fara zubo ja, kamar kunun kanwa. Rana ta uku suka yi tari suka tsaya. Sauran unguwanni nasu ya dawo, namu bai dawo ba. Aka gane laka ce ta toshe reshenmu.

A bisa hanyar magudanar akwai ramuka kamar rijiyoyi, nesa-nesa da juna, waɗanda ake sauka ta cikinsu idan za a yashe ta. Masu kula da aini suka zo bazan suna neman mutane. Ana son ƙarfafa su ja igiya a sama, ana son sirara su shiga ciki. Kawu ya dubi Baba ya yi dariya, ya ce to ga su nan an raba musu aiki tun daga halitta.

Inna ba ta yi dariya ba da labarin ya iso gida.

"Malam, kabari ne fa za ka shiga da ƙafarka," in ji ta. "Su masu iƙama, da ke da takardar zama a ƙasar, me ya hana su shiga?"

"Wasu daga cikinsu za su shiga."

"To kai idan ya rufta da kai, wa zai ce ya san ka? Ko takardar da ke da sunanka babu."

Baba ya gama ɗaure zariyarsa, sannan ya ce, "Kwana huɗu yau tsohuwar nan ta saman dutse tana taimama. Ni nake kai mata ruwa."

Kwana uku suka yi suna aikin, daga hantsi zuwa la'asar. Baba yana shiga da fitila da 'yar gajeriyar fartanya da kwando, igiya ɗaure a ƙugunsa, ya cika kwando a ja sama. A rana ta uku na kai abinci bakin ramin, na tarar da Kawu ya naɗa igiyar a hannu yana waƙe-waƙensa. Can sai muka ji wani gurnani daga ƙasa, igiyar ta fizge har ta durƙusar da shi. Toshiyar ce ta ɓalle, ruwan da ya taru a bayanta ya taho gaba ɗaya. Kawu ya kafa ƙafa a bakin ramin yana ja yana kiran sunan Allah, mutum biyu suka kama masa. Na tuna ban yi kuka ba, na dai rungume kwanon abincin kamar za a ƙwace mini. Da kan Baba ya ɓullo, laka ce tun daga gashi har yatsa, idanunsa kawai ake gani. Suka kwantar da shi ya yi ta aman ruwa. Tafukan Kawu kuwa igiya ta saɓule musu fata.

Abin da Baba ya fara faɗa da ya samu numfashi shi ne, "Ya wuce?"

"Ya wuce mana," in ji Kawu, "saura kaɗan ya kai ka bazan a tare ka a garwa."

Daga ranar kunnen Baba na hagu bai ƙara ji sosai ba. Inna ta yi sati ba ta yi masa magana sai abin da ya zama dole, amma kullum ita ke ɗiga masa man zaitun mai ɗumi a kunnen.

Ba a rana ɗaya ruwan aini ya ƙare ba. A hankali ya dinga raguwa. Wasu suka ce rijiyoyin burtsatse da aka haƙa a kwarin da yake tasowa ne suka shanye shi, wasu suka ce hanyoyin mota da gine-gine ne suka yanka magudanar. Ni ban sani ba. Abin da na gani shi ne an fara jan bututu gida-gida, an kawo ruwan teku da aka tace, kuma inda bututu bai kai ba tankar ruwa ke zuwa, wadda muke ce wa wayit. Masu garwa suka ragu. Mutanen Yaman suka koma shaguna. Kawu ya shiga sayar da kaya a bakin hanya. Wata safiya Baba ya tafi da sandarsa, bai jima ba ya dawo ya jingine ta a bayan ƙofa, ya ce an sa wa bazan kwaɗo.

Na sha jin mutane suna yabon ruwan da, suna cewa ya fi daɗi, ya fi albarka. Gaskiya ne yana da sanyi da ɗanɗanon dutse. Amma ba zan yi ƙarya ba, ranar da famfo ya zubo a tsakar gidanmu Inna guɗa ta yi. Ita ce ta san me ake nufi da wanke kayan 'ya'ya shida da garwa ɗaya. Shi ma Baba, da na zaci zai yi baƙin ciki, sai ya tara hannu ya sha, ya ce, "Babu daɗi. Amma kafaɗar 'ya'yana ta tsira." Bayan haka ya koma sayar da asuwaki kusa da Harami, idan masu kamen 'yan talla ba sa nan.

Ƙanena na ƙarshe bai taɓa ganin bazan a buɗe ba. Shi ya samu shiga makaranta, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, kuma yara sun sha tsokanarsa da ɗan saƙƙa. Ya girma ba ya son a tayar da zancen. Idan Baba ya fara labarin aini, sai ya tuna yana da wani uzuri a waje.

Shekaru suka ja. Na yi aure, na haihu, na aurar. Inna ta rasu, Kawu ma ya bi ta. Sai rusau ya iso ɓangarenmu na Jarwal, aka rubuta jan fenti a bangon gidan da muke haya. Muka koma unguwar Ka'akiyya inda haya take da dama-dama, na ɗauki Baba ya zauna a wurina. A lokacin idanunsa sun yi hazo, haske da duhu kawai yake bambancewa.

Wata rana na je Jarwal duba wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ba ta da lafiya, wadda layinsu bai shiga rusau ba. A hanyar dawowa na bi ta inda unguwarmu take. An kewaye wurin da kwano, an haƙa rami mai zurfin da za a binne bene a ciki. Na leƙa ta wata kafa. A jikin bangon ramin, can ƙasa, na hango wani baki kamar na tanda, an gina shi da baƙin dutse, samansa a lanƙwashe, cikinsa da farin shafe. Katafila ta yanka shi kamar yadda ake yanka rake. Ban taɓa ganin cikin reshenmu ba, amma jikina ya ba ni shi ne.

Na tambayi maigadin wurin, wani baƙo mai ɗan Larabci kamar nawa. Ya leƙa ya ɗaga kafaɗa, ya ce tsohon kwatami ne.

"Ba kwatami ba ne," na ce masa. "Ruwan sha ne. Unguwar nan duka daga nan ta sha."

Ya ce to Hajja, ya koma inuwarsa. Ban san me ya sa abin ya ƙona mini rai haka ba. Mutumin bai yi mini laifi ba, bara ma wataƙila ba ya ƙasar.

Da na faɗa wa Baba, ya juyo mini da kunnensa mai ji, ya sa na maimaita.

"Uwata, akwai danshi?"

"Ban gani ba, Baba. Da nisa."

"Ki kai ni."

Sai da aka yi kwana goma kafin mijin 'yata ya samu sararin ɗaukarmu a motarsa. Da muka isa, an riga an zuba kankare, bangon ramin ya zama sumul tun daga sama har ƙasa. Ban kai ga gaya masa ba. Shi ya gane da kansa. Daga cikin motar ya ce idan ba takura, a kai shi Arfa, can dai ya san ba za su rufe duka ba.

Ni na san Arfa ta ranar hajji, domin shekaru da yawa ina zuwa aikin girki a tantunan alhazai. Amma Arfa ta sauran watanni wani wuri ne daban. Fili fetal, hanyoyi babu kowa, itatuwan dogon yaro a jere suna kaɗawa. Muka tafi da sanyin safiya ranar wata Asabar. Ƙanena ya biyo mu, don babu wanda zai iya tallafar Baba a kan duwatsu sai shi.

A gindin dutsen da alhazai ke hawa, magudanar tana nan ta zagaya kamar ɗamara, an gina ta da duwatsu, da wuraren da aka yi don mutane su ɗiba, da na dabbobi a ƙasa. Sau nawa na wuce ta cikin cunkoso ban ɗaga kai ba. A bushe take ƙayau. Cikinta yashi ne da robobin ruwa da iska ta tara. Ƙanena ya kai hannun Baba kan dutsen. Baba ya shafa, ya tura hannu ciki har gwiwar hannu, ya ciro wata roba ya miƙa wa ƙanena. Ya ciro wata. Ƙanena ya tsaya riƙe da su, can sai ya cire ledar da ke aljihunsa ya fara zubawa.

Muna nan sai ga wata mota ta sauke masu umara, daga jin maganarsu mutanen gida ne. Mai yi musu jagora yana sauri, ya nuna magudanar ya ce wurin shan ruwan raƙuma ne na zamanin da, su zo a hau dutse kafin rana ta yi zafi. Baba bai ji ba, sai ƙanena ya sunkuya ya faɗa masa a kunne. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya a gaban baƙi ba sai ranar.

"Ɗana, ba na raƙuma kaɗai ba ne. Wannan har cikin Makka take zuwa. Na shiga cikinta."

Mutum biyar ko shida suka dawo, yawancinsu mata. Wata dattijuwa ta gaishe shi ta ce, "Baba, ka shiga kamar yaya?"

Sai ya ba su labari, a tsaye, hannunsa ɗaya a kan dutsen. Ya ce a ƙarƙashin gari wani wurin mutum zai iya tafiya a sunkuye, wani wurin sai da rarrafe. Ya ce magina sun bar 'yan kogunan ajiye fitila a bango, har baƙin hayaƙinsu yana nan. Ya ce gangarar ba ta ganuwa da ido, sai ka ajiye kara a kan ruwa kafin ka san ina ya nufa, amma haka ta taho da shi tun daga bayan waɗancan duwatsu babu inji. Sannan ya faɗi abin da ni kaina ban taɓa ji ba. Ya ce a reshenmu, kusa da inda toshiyar take, ya haska fitila ya ga shatin tafin hannu a jikin shafen, na wani magini da ya dafa tun yana ɗanye. Ya ɗora nasa a kai, ya tarar yatsun mutumin sun fi nasa gajarta, kuma ƙaramin yatsa babu rabi.

"Ban san ko wane ne ba," in ji shi. "Ko bawa ne, ko ɗan ƙwadago irina. Na dai yi masa Fatiha a wurin, na ci gaba da kwasar laka."

Dattijuwar ta ce Allah ya ji ƙansa, sauran suka amsa. Ta tambayi Baba ko ɗan ina ne a gida, ya faɗi sunan ƙauyensu. Ta ce ai yanzu ya zama gari, har da kwalta. Baba ya ce madalla. Mai jagora ya kira su, suka yi sallama suka hau.

A hanyar komawa ƙanena ne ya zauna kusa da shi. Na ji shi yana tambaya da Hausarsa mai tsalle-tsalle, rabi Larabci, "Baba, to da fitilar ta mutu, yaya ka san ina ne sama?" Baba ya ce bai sani ba, Kawu mai riƙe da igiya ne ya sani. Suka ci gaba har muka shiga Ka'akiyya. Ni ina gaba, ina kallon gefen duwatsu wajen Muzdalifa, inda guntayen magudanar ke bayyana su ɓace, nan a tsaye, can a rushe, can hanyar mota ta ratsa ta tsakiya.

Baba ya rasu bayan hajjin shekarar da ta biyo. Ƙanena ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Yanzu idan na je aiki Arfa nakan ga an gyara wasu sassan magudanar, an jera duwatsun da suka zube, an kafa alluna masu bayani. Na ji daɗin haka, ko da yake babu ruwa a ciki, kuma ban ji wanda ke sa ran zai dawo ba. Can waje ake iya gyarawa, inda babu wanda ke son filin. Rassan cikin gari kuwa, irin namu, suna ƙarƙashin otal-otal, an yanka su gunduwa-gunduwa. A inda ramin nan yake yanzu wani dogon bene ne na saukar alhazai. Masu kwana a ciki suna murɗa famfo ruwa ya zubo a hawa na ashirin, kuma haka ya kamata. Ba na fatan kowa ya koma ɗaukar garwa. Abin da ke damuna kaɗan shi ne mu da muka san ta ina reshen ya bi mun kusa ƙarewa, kuma yawancinmu ba masu rubutu ba ne, ba kuma waɗanda ake tambaya ba.

Kwanakin baya, bayan wani ruwan sama, na haɗu da wata 'yar unguwarmu ta da a gidan suna. Shara take yi a wannan otal ɗin. Muna cikin hira ta ce aiki ya yi musu yawa a satin, domin a hawa na can ƙasa inda ake ajiye motoci akwai wani bango da ke tsattsafo da ruwa duk lokacin da aka yi ruwan sama, wuri ɗaya tak, sun shafe shi sun gaji. Na tambaye ta wane ɓangare ne, ta ce na gabas. Na tambaye ta ruwan yana wari, ta ce a'a, garau yake, har da sanyi.

Zai iya zama bututu ne ya fashe. Zai iya zama ruwan dutse ne kawai da ya rasa hanya. Ta ce idan ina so in zo ranar aikinta, za ta shigar da ni ta ƙofar ma'aikata in gani da idona. Na ce mata to. Na gaya wa ƙanena, ya ce in ta sa rana in kira shi.